Gawar da ta hau gulbi: muhawarar masu kallon wani shirin bincike bayan kashi na 14

Nuhu Mai Lambu: Salamu alaikum jama'ar zaure. Wanda bai kalli kashi na 14 ba ya ajiye wayarsa, kar ya zo ya ce na ɓata masa daɗi. Tun jiya da dare abu ɗaya ke cina. A shirin an ce daga gadar Kennedy ta Yamai aka jefa Alhaji mai albasa, ƙarfe 11 na dare. To ina aka tsinci gawar? A lambunan Kornish Yantala. Wurin nan na san shi kamar yunwar cikina, shekara 17 ina ban ruwan salati a can, har mangwaron da suka nuna na gane shi. Yantala tana sama da Kennedy. Gulbin Isa daga Tilaberi yake gangarowa, ya ratsa Yamai, ya nufi Kollo da Say da Gaya. Abin da ya faɗa ruwa a Kennedy, Gamkale ko Saga ake zuwa nemansa. Gawa ta iya iyo ne har ta hau sama?

Laminu Kabu-kabu: Kai! Wallahi Nuhu ka ga abin da ban gani ba. Ni hankalina yana wajen kukan amarya.

Bubakar: Ku daina wahalar da kanku. Masu shirin sun ga wuri mai kyau ga ido, ga ganye, ga kwalekwale, suka kafa kamara. Kuna zaton wanda ya rubuta labarin ya tsaya tambayar ina ruwa ya nufa? Ba su ne a zangon farko suka nuna mutum ya shiga taksi a Wadata da rana tsaka ya sauka Katako da dare ba?

Mushe Haruna: Wa alaikumus salam. Bubakar, waccan ta taksi kuskure ce, kowa ya yarda. Wannan ban yarda ba tukuna. Ka tuna sau biyu kamara ta tsaya kan kainuwa tana tafiya bisa ruwa, na biyun ma har Insifekta ta bi ta da kallo ba ta ce uffan ba. Mai ɗaukar hoto ba ya ɓarnar minti guda kan ciyawa a banza.

Hajiya Ramatu: Ni dai ku bar gulbi ku dubi cikin gida. Mace tana takaba, mijinta ko kwana bakwai bai yi ba, ga gazal ga jan baki? Amaryar nan ba ta kwanta mini a rai ba tun ranar da aka kawo ta.

Balkisa: Haba Hajiya, kwalliyar ai ta masu shirin ce, ba sa iya nuna mace fuska wanke. Uwargidan ma da lalle sabo fil a hannunta ranar sadakar uku.

Hajiya Ramatu: Uwargida shekara talatin tana tare da shi tun yana tallan albasa a tire. Me za ta ci da mutuwarsa? Ke yarinya ce, ba ki san amaren yanzu ba.

Isuhu Ɗan Adar: Gaisuwa daga Tawa. Ni batun direban Alhaji ni ka so a duba, don an ce shina da shaida: an gane shi masallacin tashar Ƙonni shina sallar la'asar. Shekara tara ina bin wagga hanya. Daga Ƙonni zuwa Yamai kilomita 420 ne ko kusa da haka: Dogon Dutsi, Doso, Birnin Gaure, sai gari. Kamyo mai kaya kam sai ya kwana bisa hanya. Amma ranar ba kamyo garai ba, kat-kat ɗin Alhaji ya ɗauko. Mutum shi tashi ƙarhe huɗu, ko da tsayawar ƴan sanda da wurin biyan kuɗin hanya, ƙarhe goma shina cikin Yamai. Ke nan la'asar ɗin Ƙonni ba ta wanke shi ba. Ban ce shi ya yi ba, na dai ce lissahi bai hid da shi ba.

Laminu Kabu-kabu: Yaya Isuhu, da ramukan hanya fa?

Isuhu Ɗan Adar: Da su na lissahta.

Nuhu Mai Lambu: Ku dawo kan ruwa don Allah. Wani ya rubuto mini ta gefe wai iska ce ta tura gawar sama. Wace iska? Kowa a shirin da rigar sanyi, ga hazo ya rufe gari, ke nan Disamba ne ko Janairu. Lokacin ne ruwan da ya taso tun daga Gini yake isowa Yamai, gulbi ya cika ya batse, ruwan ya yi duhu, ba irin jan ruwan Agusta ba. A lokacin mai kwalekwale ma sai ya bi gefe yana dafa gora kafin ya hau. Da a ce watan Mayu ne, sa'ad da yara ke wasa a tsakiyar rairayi, da na yi shiru.

Majo Mariyama: Sannunku. Yanzu na sauko daga gadin dare a likita, na karanta duka. Nuhu ya yi gaskiya, kuma ni ma akwai abin da ya tsaya mini. Da ƴan kwana-kwana suka ɗago shi ƙarfe shida na safe, kun ga hannuwansa da ƙafafunsa? Sun sandare gaba ɗaya, har da ƙyar aka lulluɓe shi. Gawa takan fara sandarewa bayan awa biyu zuwa uku, daga muƙamuƙi da wuya take somawa, ba ta game jiki duka sai wajen awa 12. Sanyi ma jinkirta abin yake yi, ba ya gaggauta shi. Daga 11 na dare zuwa shida na safe awa bakwai ne kacal, cikin ruwan hunturu. Ni a ganina tun wajen magariba mutumin nan ya cika.

Bubakar: Tanti, ɗan wasan ne aka ce masa yi kamar gawa, ya ƙame. Ko ni aka biya zan ƙame fiye da haka.

Majo Mariyama: Ɗana, to likitan shirin fa da ya ce babu ruwa a huhunsa, babu kumfa a hanci? Shi ma ƙamewa ya yi? Wanda ruwa ya ci da ransa nutsewa yake, sai bayan kwanaki in ciki ya kumbura ya taso. Wannan kuwa a sarƙe cikin kainuwa aka same shi, ko kwana bai cika ba. Wanda ya rubuta wannan wurin ya zauna da ma'aikacin likita, ban da shakka.

Isuhu Ɗan Adar: To in magariba ya rasu, lissahina ya rushe. Ga magariba direba ko Doso bai kai ba. Na janye, Allah shi ba shi haƙuri.

Laminu Kabu-kabu: Tsaya tukuna. In ya mutu da magariba, wa ya aika wa amarya saƙo ƙarfe goma da rabi cewa kar ta jira shi?

Balkisa: LAMINU! Ka taɓo wurin. Saƙon rubutu ne! Alhaji bai yi lakwal ba, tun kashi na 1 murya yake aikawa, har dariya muke yi yadda yake kafa baki cikin waya yana ihu kamar wanda ke kiran wani a hayin gulbi. Ko lissafin buhuna yaron shago ke rubuta masa. Rana ɗaya tak ya yi rubutu, da faransanci mai kyau har da waƙafi, kuma ranar ce ta mutuwarsa?

Hajiya Ramatu: Wa ya yi lakwal a gidan? Amarya. Ita ta aika wa kanta.

Balkisa: Ƙanen Alhaji ma ya yi, Hajiya. Har jami'a.

Malam Sani: Assalamu alaikum. Tun da an zo kan ƙane, bari in sa baki, don ina ganin ana ta cewa wa zai ci gado ba tare da an buga lissafin ba. Alhaji ƴaƴa mata uku gare shi, babu namiji, iyayensa sun rasu, an faɗa a kashi na 3. A raba dukiyar gida 24. Matan aure biyu su raba tumuni, wato kashi 3, kowace ɗaya da rabi. Ƴaƴa mata su ɗauki biyu bisa uku, kashi 16. Ragowar 5 na ƙanensa shaƙiƙi ne. Ke nan rabon ƙane shi kaɗai ya fi na matan biyu a haɗe. Amma in akwai ɗa namiji, ƙane ba ya samun ko tamma, ɗan ya katange shi. Kuma cikin da ke jikin mace yana da rabo in an haife shi da rai, shi ya sa ake dakatar da rabo ko a ajiye masa kasonsa. Wanda kuma ya kashe, ba ya gadon wanda ya kashe.

Balkisa: Malam, ai amarya amai take yi tun kashi na 12, tana ɓoye wa kowa!

Malam Sani: Shi ya sa na kawo maganar. In ƙanen ne, bai san da cikin ba lokacin da ya aikata. Ranar da ya sani, yarinyar nan ta shiga uku.

Hajiya Ramatu: Cikin ma sai an bincika na wane ne.

Mushe Haruna: Hajiya, a yi hattara, ko a shiri ne kar mu saba wa bakinmu da ƙazafi.

Hajiya Ramatu: Na ji, Mushe. Amma ku rubuta ku ajiye.

Rabi'u: Don Allah wa ke da kashi na 14 ya turo mini, kuran ya ɗauke a kartiyenmu daidai lokacin da masunci ya fara magana, bai dawo ba sai asuba.

Laminu Kabu-kabu: Rabi'u kai kullum kuran. Ka sayi batir.

Isuhu Ɗan Adar: Ni ban yarda gado ne tushen abin ba. Ku masu zama Yamai ba ku san sha'anin albasa ba. Albasar Galmi ana hiddo ta daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin ta yi arha har manomi shi yi kuka. Mai ƙarhi shi saye shi zuba cikin rudu, shi jira bayan damana ta yi tsada, sannan a loda kamyo zuwa Akra, Kumasi ko Abijan. To a shirin, cikin sanyi, ruduna sun ƙare, sabuwa ba ta hito da yawa ba, amma Alhaji kamyo huɗu shi ka tasarwa duk mako. Mi ac cikinsu? Da can sai in ce isansi ne na ruwa-ruwa daga Illela, bidoni ƙasa buhuna bisa. Amma tun da Najeriya ta cire tallahin mai a 2023 wannan harka ta ja baya ƙwarai. Kun tuna kwalin da yaron shago ya tura ƙarƙashin tebur da ya ga Insifekta? Ni na ce tramol ne. Kuma mai irin wannan kaya ba shi tahiya sai da babba bayansa.

Bubakar: Yanzu kuma mun koma ƙwaya. Gobe za ku ce aljanin gulbi ne. Isuhu, albasa ta hau maka kai.

Tanimu Ba'are: Bar su Bubakar, kai da ba ka san komai ba sai bin wutsiyar saniya, ina ka ga ta fahimtar shirin bincike? Je ka Turaku ka duba farashin bijimai.

Bubakar: Ga bawana ya iso. Tanimu, an bar ka ka taɓa waya yau?

Baba Tsohon Jandarma: Yara, na daɗe ina karatu ban tanka ba. Shekara 28 na sa kaki, bari in gaya muku abin da ya fi ba ni haushi, kuma ina zaton da gangan aka yi shi. Komiser ya kama direba ranar Litinin. A kashi na 14 an ce Asabar ce, yaron yana nan a ɗakin tsaro na komisariya. Doka awa 48 ta ba shi, in bincike bai ƙare ba ya nemi izinin mai gabatar da ƙara a ƙara masa wasu 48. Bayan nan dole ya miƙa shi. Kisan kai kuwa sai an ba alƙali mai bincike, shi ke da dosiye, shi ke sa hannu a kai mutum gidan kaso. Komiser ba shi da ikon ce wa kowa zan kai ka Kutukale, amma sau uku yana faɗa wa direba haka. Da Komiser ɗin jahili aka nuna, da na ce marubuci ne bai sani ba. To Insifekta ta tuna masa da kwanakin a gaban kowa, ya ce ta kama bakinta. Ke nan sun san dokar. Mutumin nan ba ya son direba ya tsaya gaban alƙali, abin tambaya shi ne don me.

Zalika: Baba, haka muka karanta a shekara ta biyu ta karatun doka. Kuma duk takardar da aka rubuta bayan wa'adin ya wuce, lauya na iya neman a soke ta.

Baba Tsohon Jandarma: Yawwa ɗiyata. Ki riƙe karatun.

Bubakar: Baba da girmanka, Komiser shi ne jarumin shirin tun zangon farko. Shi ya kama ɓarayin shanu, shi ya ƙi karɓar ambulan ɗin ɗan majalisa. Ba za su ɓata shi ba, mutane za su daina kallo.

Mushe Haruna: Ko kuwa don haka ne za su yi. Wanda aka gina zango guda ana yabo, faɗuwarsa ta fi ƙara.

Laminu Kabu-kabu: Ni akwai abin da na gani, ban san ko yana da amfani ba. Motar da ta tsaya bayan shagon Alhaji a Katako da magariba, baƙa, gilas mai duhu, tsohuwar lamba gare ta mai farawa da 5. Mu da ke kan titi mun san 8 Yamai ce, 5 jihar Tawa.

Isuhu Ɗan Adar: Hakanan ne. Amma kar a ɗora muna, rabin ƴan kasuwar Katako Adarawa ne.

Balkisa: Komiser ai Ƙonni ya yi aiki kafin a maido shi Yamai! Matarsa ta faɗa ranar da suke faɗa kan kuɗin haya, ta ce da muna Ƙonni ba mu san babu ba.

Majo Mariyama: Oho. Ashe.

Zalika: Jama'a ku dakata. Saboda Rabi'u na koma na sauko da kashin, na saurari maganar masunci sau huɗu da abin kunne. Minti na 23. Da zabarmanci ya fara, sai ɗan sandan da ke fassara ya ce: ya ga mota ta tsaya bisa gada, mutum biyu sun jefa abu mai nauyi. Gada kawai ya ce. Bai ambaci Kennedy ba ko sau ɗaya. Sai a minti na 26, da Komiser ke karanta wa mai buga takarda abin da zai rubuta, shi ya ce gadar Kennedy. Masunci bai iya karatu ba, aka kama yatsansa aka dangwala.

Nuhu Mai Lambu: Allahu akbar! To ai shi ke nan! Gada uku ke Yamai. Kennedy ta 1970, ta biyu ta ƴan Sin ta 2011 tana ƙasa, ta uku ta Janar Seyni Kunce da aka buɗe a 2021 tana sama, wajen Gudel. Abin da aka saki daga ta ukun, a gefen nan namu, lambunanmu zai biyo. Buhunan leda da mushen awaki kullum daga can suke zo mana. Ruwa bai yi ƙarya ba, masunci bai yi ƙarya ba.

Mushe Haruna: Saura a ce don me Komiser ya matsar da gadar.

Zalika: Direba a Harobanda yake, bayan jami'a, Kennedy ce hanyarsa ta gida kullum. In an rubuta Kennedy, zargi ya zauna kansa daram. In an rubuta ta uku, sai a fara tambayar wa ke da gida ko gona a wancan gefen.

Malam Sani: Ƙanen Alhaji yana da garka a hanyar Tilaberi. Can aka yi walimar saukar ɗiyarsa a kashi na 8.

Hajiya Ramatu: To ko su biyun ne, amarya ta san da maganar.

Balkisa: Hajiya ba za ki sake ta ba dai!

Bubakar: Na ji ta gada, wannan kam na sallama, ba kuskure ba ne. Amma ban yarda Komiser ya yi kisa ba. Rufa wa wani asiri yake, wataƙila an riƙe shi da wani tsohon laifi na Ƙonni. Mutum biyu masunci ya gani. Na sa katin waya na dala ɗari biyu: ƙane da yaron shago ne, yaron ne ya rubuta saƙon don shi ke riƙe wayar Alhaji kullum.

Isuhu Ɗan Adar: Na kama. Ni na ce Komiser na cikin motar da kansa. Mushe shi riƙe amana.

Mushe Haruna: Ni ba na riƙe caca. In dai kyauta ce wanda ya faɗi zai yi wa ɗan uwansa, to na shaida.

Majo Mariyama: Ni tsorona masunci. Shi kaɗai ya san gadar da yake nufi, kuma Insifekta ta fara bin ruwa da ido. Ranar da ta koma ta tambaye shi, ina jin ba za ta same shi ba. A tallan kashi na 15 akwai kwalekwale yana yawo ba kowa ciki.

Balkisa: Wayyo, kar su kashe tsohon nan, shi da jikarsa kaɗai suka rage.

Rabi'u: Har yanzu ba wanda ya turo mini.

Zalika: Duba akwatinka, na tura tun ɗazu.

Laminu Kabu-kabu: Nuhu, ga shawara. Yau in na tashi aiki wajen 11 zan bi ta gada ta uku in saki gora mai jan ƙyalle. Kai kuma da asuba ka duba ko ta iso lambunku. Mu gwada da kanmu mu huta da gardama.

Baba Tsohon Jandarma: Laminu, ka tsaya bisa gada ƙarfe 11 na dare kana jefa ƙunshi cikin gulbi, a wannan zamani? Awa 48 ɗin da na faɗa, kai za ka fara ƙirga su, kuma ni ba zan zo belinka ba.

Laminu Kabu-kabu: To da rana, Baba.

Nuhu Mai Lambu: Bari sai Lahadi bayan azahar, ka ba wani mai kwalekwale a Gudel ya sakar maka ita a tsakiyar ruwa. Ka ɗaura ƙyallen da kyau, yaran lambu in suka riga ni ganinta sun ɗauke.